Kowa Ya Samu?

Litinin, 7 ga Oktoba, 2019

Likita ce ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta duk abin da Ozella ta ci. To ga littafin. Yau: tsakin masara cokali uku, shayi rabin kofi, shi ke nan.

Laba ɗari da ɗaya a sikelinsu. Matar da a bara sai na ja numfashi kafin in taya ta tashi daga kujera. Likitar ba ta yi mini kwana-kwana ba. In ta sauko ƙasa da casa'in da biyar, zamanta a gida ya ƙare, gidan kula da tsofaffi za a kai ta a sa mata robar abinci a ciki. Wai masu ciwon mantuwa haka suke, wata rana sai baki ya manta aikinsa. Na ce matata shekara talatin tana riƙe da kicin ɗin cocinmu, duk wanda aka binne a unguwarmu ita ta ciyar da masu makokinsa, bakinta bai manta komai ba, girkina ne ba ya ciyuwa. Ta yi mini murmushi irin nasu na likitoci.

Renita ta bugo daga Atlanta. Autarmu, amma ita ce mai ba da umarni yanzu. Har ta je ta ga wani gidan tsofaffi, wai akwai furanni. Na kashe wayar.

Zancen girkina kuwa gaskiya ne. Shekara talatin da huɗu ina raba wasiƙu a Macon, na san karen da ke cizo a kowane layi, amma shinkafa ta fi ƙarfina. Tun watan Maris da Ozella ta bar tawul a kan wuta na sa wa ƙofar kicin kwaɗo, ni ke shiga in ɗumama abincin gwangwani in kai mata tebur. Tunda abin bai yi ba, waje zan riƙa kai ta. Garin nan bai rasa masu girki ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Gidan abincin Earline, ajinmu ɗaya a firamare, bakinta bai tsufa ba. Muna shiga ta ajiye ludayi.

“A'a! Lemuel Askew a shagona? Wani ya leƙa waje ya ga ko rana ta sake hanya. Shekara hamsin kana wuce ƙofar nan kana hura hanci, wai kai kana da gwana a gida.”

Na ce ai da gaskiyata. Ta ce ta sani, Ozella ce ta koya mata yadda ake soya kuɓewa ba ta yi yauƙi ba. Sai ta zagayo ta rungume ta, na ga hannunta ya tsaya a kan ƙasusuwan bayan.

Ta cika mata faranti: cinyar kaza, wake, ganye da romonsa, burodin masara da zafinsa. Ozella ta naɗe hannuwa a cinya tana bin teburan mutane da ido. Can ta ce, “Kowa ya samu?” Na ce kowa ya samu, Zella, ci naki. Ta turo mini farantin.

Ta ci: ba komai. Ruwa kurɓi biyu.

Asabar, 12 ga Oktoba

Rumfar kifi ta bakin kogi. Tarwaɗa da garin masara, irin wadda take so da. Ta cire ƙayoyin tas, ta jera naman a gefen farantina. Kowa ya samu, kowa ya samu.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Bayan sujada an ci abinci a zauren ƙasa. Ina gaisawa da Fasto na waiwaya ba ta nan. A ƙofar kicin na same ta, matan sun tare ta da lallashi, “Mis Ozella, zo ki zauna, yau mu ne masu hidima, kin yi naki.” Suka zaunar da ita a teburin manya kusa da matar Fasto. Girma suka yi mata, na sani. Ta zauna kamar wadda aka sa a kusurwa don ta yi laifi.

Ta ci: loma ɗaya ta dankali, ita ma matar Fasto ce ta sa mata a baki.

Laraba, 16 ga Oktoba

Casa'in da tara a sikelin banɗaki. Na sauke ta na sake ɗora ta. Casa'in da tara.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Makon nan mun je wurin gasasshen nama na bakin titin Gray, mun je wurin 'yan Sin inda ake ɗiba da kai, mun je wurin fanke. A wurin 'yan Sin na ɗan yi murna, don ta karɓi babban cokalin daga hannuna ta fara zuba wa na bayanmu a layi. Na karɓe, na ba mutumin haƙuri.

Na buɗe jakarta ina neman tabarau, na tarar da burodin masara guda biyar a naɗe cikin adiko, wasu sun yi furfura. Na ce Zella na wa? Ta ce na yara. Yaran da babbansu ya ba hamsin baya a Detroit, ɗayan kuma muka binne shi da hannunmu.

Na zubar a bayan idonta. Raina ya ɓaci, ban san da wa ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Renita ta zo ba sanarwa. Ta yi wa uwarta wanka, ta fito idonta jawur.

“Baba, ka ga haƙarƙarinta kuwa? Kana yawo da ita gari kamar mai tallan kaya, mace tana ƙarewa.”

Na ce ba inda za ta, na yi alkawari a coci ranar aurenmu, a gaban bagade. Ta ce alkawarin bai ce in kashe ta da yunwa ba. Na ce ta iya bakinta a gidana. Ta ce, “Taurin kai ne, Baba, ba so ba ne.” Wannan ta shige ni.

Mun tsaya a kan ranar sha ɗaya ga Nuwamba, ranar komawa asibiti. Abin da sikelin likita ya faɗa shi za a bi. Da za ta tafi ta sumbaci kaina ta ce in aske gemu, na fara kama da akuya.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Casa'in da bakwai. Ba mu fita ba. Na gaji.

Asabar, 26 ga Oktoba

Yau shekararmu hamsin da ɗaya da aure. Zan rubuta duka, ko da ba abin da likita ta nema ba ne.

Na kama mana tebur a sabon wurin nan da aka buɗe cikin tsohon banki, ƙarfe biyar, kafin ta fara rikicewar yamma. Babana ya yi shekara ashirin yana share ginin nan, bai taɓa shiga ta ƙofar gaba ba, don shi baƙar fata ne. Na sa kwat ɗina ta jana'iza. Ita na sa mata shuɗiyar rigarta, na kama bayan da fil uku don kada ta zame. A mota na ce, “Zella, yau ke za a yi wa hidima.” A raina ina cewa ko kukar gida ce ta gundure ta, bari ta ga na manya.

Farin ƙyalle, kyandir da rana tsaka, cokali mai yatsu har uku a gefe ɗaya. Mai kawo mana abinci wata mata ce mai furfura a goshi, ta ce sunanta Shondra. Ta karanto abinci kamar mai karanta zabura. Abin da ya zo kuwa tsakin masara ne, wanda muke ci kullum da safe tun muna tsirara, an ɗiga shi tsakiyar faranti mai faɗin tayar keke, an ɗora jatan lande uku da wani ganye a kai. Na so in yi dariya, na duba in ga ko Ozella za ta taya ni. Idonta na kan teburin kusa da mu, wasu Turawa mata da miji da ba a kawo musu komai ba tukuna.

Kafin in ankara ta miƙe da kwandon burodinmu. Ta je ta ajiye wa matar guda, ta dafa kafaɗarta ta ce, “Fara da wannan, 'yar nan, sauran na zuwa.” Ta wuce tebur na gaba. Kowa ya juyo yana kallonta.

Kunya ta kama ni. A nan, a ginin nan, matata da rigar bikinta tana raba wa Turawa burodi. Na je na damƙi hannunta, kuma na damƙa da ƙarfi, Allah ya gafarta mini. Na ce ki zauna ki ci abinci, don girman Allah ki zauna sau ɗaya! Kwandon ya faɗi. Ta kalle ni ba ta san ni ba. Ta ce, “Mista, sake ni. Mijina na nan zuwa.”

Shondra ce ta shiga tsakani. Ba ta ko kalle ni ba. Ta ce, “Mis Ozella, hannu ya yi mana kaɗan a ciki, ko za ki taimaka?” Ozella ta bi ta kamar an kira ta gida.

Na tsince burodin ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Na zauna. Na ci jatan landen, ban ji ɗanɗanon komai ba. Bayan kamar minti ashirin Shondra ta yafito ni, ta ce in leƙa ta gilashin ƙofar kicin amma kada in shiga.

An ɗaura mata farar rigar girki. Sun ba ta ta zuba wa masu wanke-wanke nasu abincin, suna can gefe suna ci. Ita kuma tana tsaye a jikin kantar kicin, ta juya baya, da ɗan ƙaramin faranti irin na ƙarƙashin kofi, tana kankare gindin tukunyar tsaki tana ci. Tana ci. Na ƙirga cokali goma sha huɗu kafin idona ya daina gani.

Shondra ta ce, “Kakata ma haka take, Mista Askew. Har ta mutu ban taɓa ganin ta zauna a tebur ba. Sai kowa ya ƙoshi, sannan ta tsaya a bakin murhu ta ci abin da ya rage.”

Na ce wannan kakarta ce, ni matata tare muke cin abinci. Ta ce to, yallaɓai.

Ta ci: tsaki, ba na jin ya kai kofi. Shi ne mafi yawa tun watan Yuli.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Ba mu je coci ba. Hannunta ya yi shatar yatsuna huɗu.

Tun safe nake neman ta a teburinmu, a cikin kaina. Ina ganin kaina a kujerar taga. Ina ganin samarin biyu suna harbin juna ta ƙarƙashi. Ina ganin hannunta yana zuwa ta kafaɗata da kwanon romo, hannun kawai. Ina jin “kowa ya samu?” daga bayana. Bayan yara sun watse ma, ta zubo mini, in buɗe jarida, in ji motsinta a kicin. Na ɗauka wanke-wanke take.

Na bugo wa Renita. Na ce wai mamanki a wace kujera take zama da? Sai ta ce:

“Baba, kujera huɗu ce a teburin nan. Mu biyar ne.”

Na je na ƙirga, kamar ba ni na saye su ba.

Litinin, 28 ga Oktoba

Na cire kwaɗon. Na kashe gas daga bayan murhu, na kwashe wuƙaƙe na kai gareji.

Na kai wa Earline tukwanen Ozella guda uku na ce ta zuba mini a ciki. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, “Sai yau ka sani? Kai Lemuel, da ido aka haife ka kuwa?” Na miƙa mata tukwanen. Ta ƙara wake fiye da yadda na ce, ta ce kada in goge bakin tukunyar, in bar shi ya yi kamar an yi girki.

Na jera su a kan murhu da ɗuminsu. Na rataya tsohuwar rigar girkinta a ƙusa. Na ce, “Zella, yunwa nake ji.” Tun Maris ban faɗa mata wannan maganar ba.

Ta zuba faranti huɗu. Na cinye nawa. Ta tsaya a ƙofa tana kallon sauran ukun suna hucewa, ta ce yara ba su shigo ba. Ba ta ci ba.

Laraba, 30 ga Oktoba

Casa'in da shida. Saura ɗaya.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Na gayyato maƙwabcina Purvis, gwauro ne, cikinsa ba ya ƙin gayya. Ya zo da surukinsa. Faranti na huɗu muka raba mu uku da ta juya baya, na ce mata Renita ta ci ta fita wasa. Purvis ya yi ta santi, “Mis Ozella, wannan waken sai ke!” Ta ce ya rage surutu ya miƙo farantinsa. Muryarta ce ta da, sak.

Da muka ajiye cokula ta ce kowa ya samu? Muka haɗa baki, kowa ya samu. Ta shiga ciki. Na hana su motsi. Muna zaune ƙato uku muna sauraron cokali na buga gindin tukunya, Purvis na share ido da adiko wai barkono ne.

Ta ci: wake, ganye, fiffiken kaza ɗaya. Na gane daga abin da ya ragu.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na sayo kujera ta biyar. Ba ta yi kama da sauran ba. Na ja mata ita na ce ta zauna. Ta ɗora kwandon burodi a kai.

Talata, 5 ga Nuwamba

In na leƙa sai ta ajiye farantin ta tambaye ni me nake so a ƙaro. Don haka ba na leƙawa. Yau Purvis ya tafi ganin likitan ido, ni kaɗai na ci faranti biyu da rabi, na ɓoye sauran a tanda. Wandona ya fara matse ni, ita kuma har yanzu casa'in da shida.

Tun ranar bankin ba ta kira sunana ba. Mista. Wani lokaci Fasto. Da ina gyara mata, in ce ni ne Lemuel, mijinki, sai ta firgita ta rasa inda za ta sa hannu. Jiya ta ce Fasto a ƙara romo? Na ce a ƙara.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Casa'in da shida da rabi a sikelin likita. Ta ce mu dawo bayan wata guda. Ta kuma ce kada in sa rai da yawa, ciwon ba ya komawa baya, wata rana tukunyar ma za ta manta. Na ce na ji. Renita ta riƙe hannuna a mota har gida, ba wanda ya yi zancen gidan furanni. Takardarsu dai na nan a jakar Renita, na ga gefenta.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Mu biyu ne yau. Da ta zubo mini na ga ta ware cinyar kaza ta rufe da kwano. Na ce ta wa? Ta ce ta mijinta, yana kan hanya, jakar wasiƙu ce ke yi masa nauyi ran Alhamis. Ban san me ya kai bakina ba na ce wane irin mutum ne mijin naki.

Ta yi tunani sosai. Ta ce, “Mutumin kirki ne. Ba ya sha, ba ya duka, albashinsa a hannuna yake sawa.” Ta gyara murfin kwanon. “Ba ya dai waiwayowa.”

Na ce kowa ya samu, Mis Ozella. Ta shiga ciki.

Na bari sai da na ji cokali ya yi nisa, sannan na ɗauki farantina da ɗan sauran shinkafa na bi ta, wai zan sa a wurin wanki. Na tsaya a jikin kantar kicin, ban kalle ta ba, taga na kalla. Ta dakata. Can ta ɗan matsa gefe ta ba ni wuri, ta ci gaba. A nan na ƙarasa shinkafar. Daga wurin ba a ganin komai sai bayan kujerata.

Ƙuguna ne ke damuna kwanan nan in na daɗe a zaune, ba wani abu ba.

Ta ci: shinkafa, kuɓewa, rabin burodin masara. Ɗaya rabin ta miƙo mini.